Bakanike ya cire min tamostat na Hilux, in mayar ko in bar ta haka?

Mai Akori-kura:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Don Allah masana harkar mota ku taimaka min da shawara, abin nan ya fara damuna sosai.

Ina da Hilux ƙirar 2010, mai fetur ce, injin nan 2.7 da ake cewa 2TR, giyar hannu. Da ita nake ci nake sha, ita ke ɗauko min hatsi daga kasuwannin ƙauye in kawo Dawanau, wani lokacin kuma in yi lodi zuwa Jos in dawo da dankali. Shekara huɗu tana hannuna bata taɓa nuna min zafi ba sai bana cikin watan Afrilu, ina dawowa da rana tsaka da lodin masara kawai naga allurar zafin inji ta wuce rabi tana neman jan layi, na gangara gefen titi na kashe, na jira ta huce na ƙara ruwa na lallaɓa da ita har gareji. Bakaniken da na samu ko dogon bincike bai yi ba, ya kwance wajen da tiyon ƙasa yake shiga inji ya zaro wani ɗan ƙarfe mai sifirin ya ɗora min a tafin hannu yace wannan tamostat ne, na ƙasar sanyi ne, Turawa suka saka saboda ƙanƙara, mu nan ba ruwanmu da shi. Ya shafa gam ya mayar da murfin ya ɗaure.

Gaskiya da farko naji daɗi don allura ta sauka. To amma tunda hunturun nan ya shigo abubuwa suka canza. In na tashi da asuba daga Kano zan iya wuce Kwanar Ɗangora allura tana kwance a kan C ko motsi bata yi ba, silo ɗinta, wato juyin inji in tana tsaye ba'a taka totur ba, yana daɗewa a sama, hita kuma iska mai ɗumi-ɗumi kawai take bayarwa. Mai kuwa ba'a magana, tankin da yake kaini Jos har in yi zirga-zirga a cikin gari yanzu sai na ƙara a hanya. Shekaranjiya na buɗe murfin baƙin mai naga wani farin abu kamar kindirmo ya manne a cikinsa, gabana ya faɗi. Abin da ya fi ɗaure min kai shine duk da haka in na zo hawan nan na bayan Jengre da lodi da rana, allura sai ta tashi ta wuce rabi kamar yadda ta yi a Afrilu. Wato da safe sanyi ya yi yawa da rana kuma zafin bai tafi ba.

Tamostat ɗin yana nan na ajiye shi a cikin dashbod. In mayar ne, ko in sayi sabo, ko in bar ta haka in nemi matsalar a wani wajen? Kuma farin abin nan tof gasket ne, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya tafi?

Ɗan Tasha:

Wa alaikumus salam. Malam ka bar ta haka kawai. Mu a tasharmu babu motar da ke da wannan abin, duk wadda aka kawo daga Kwatano ranar farko ake cire shi a haɗa fanka dairek, kuma motocin nan suna nan suna Kano Kaduna kullum. Abin nan in ya maƙale maka a daji inji zaka rasa gaba ɗaya, ni na gani da idona an ƙona inji saboda shi. Gara ka sha mai da ka sayi inji. Kaje a wanke maka lagireto shikenan.

Tsohon Bakanike:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana sannu da fama, Allah ya kiyaye gaba. Na karanta bayaninka har ƙarshe kuma ka kyauta da ka faɗi komai dalla dalla, don yawanci mutum zai zo yace mota tana zafi kawai ya yi shiru.

Ni na fi shekara talatin ina riƙe da sifana, kuma ba zan ɓoye maka ba nima na cire tamostat da hannuna ba adadi, haka muka taso muka ga iyayen gidanmu suna yi tun zamanin Fijo 504 akori-kura da Hilux mai injin 22R. Sai daga baya da injinan suka riƙa dawo mana da ringi ya cinye da wuri, muna buɗe kan inji muna tarar da baƙin mai ya zama taɓo, sannan na fara tambayar kaina. Yanzu ko yarona na kama ya cire wa mutum sai ya mayar.

Bari in fara da yadda abin yake aiki don in ka gane wannan sauran duk mai sauƙi ne. Ɗauko wanda ke dashbod ɗinka ka duba. Wannan ɗan kurtun tagullar da ke ƙasansa kaki ne a ciki, irin wanda aka haɗa shi ya narke a daidai wani zafi. In ruwan inji ya kai wannan zafin sai kakin ya narke ya kumbura ya tura wani ɗan sanda, sandan ya danne sifirin, ƙofar ta buɗe ruwa ya samu hanya tsakanin inji da lagireto. In ruwan ya huce kakin ya daskare sifirin ya mayar da ƙofar. Ba waya ba lantarki, shikenan aikinsa. Ka goge jikinsa da tsumma zaka ga lamba an buga, na irin injinka 82 ne, ma'ana a wajen digiri 80 zuwa 84 yake fara buɗewa, kafin ruwa ya kai 95 ya buɗe gaba ɗaya.

To ka tsaya ka yi tunani a nan. In ya riga ya buɗe gaba ɗaya a 95, me ya rage da zai hana ruwa wucewa? Babu. Tamostat mai lafiya baya sa mota zafi, aikinsa kawai ya hana inji yin sanyi fiye da kima. Wanda ke hana zafi ya wuce iyaka shine lagireto da fanka da famfon ruwa da murfi. Shi yasa kaga da aka cire shi sanyin safe ya ƙaru amma hawan Jengre yana nan yadda yake, domin ciwon da ya kama motarka a Afrilu har yau ba'a taɓa shi ba, an dai ba ta ɗan sarari ne ta fara hawan daga sanyi sai ta ɗan jima kafin ta kai inda take kaiwa.

Maganar ƙasar sanyi kuma, Hilux da Land Cruiser da ake sayarwa sababbi a Saudiyya da Dubai duk da tamostat ɗinsu suke fitowa daga kamfani, kuma zafin can ba ƙarami bane kowa ya sani, wanda ya je Umra da bazara zai baka labari. Ko ranar da Sakkwato ko Maiduguri ta kai digiri 43, inji yana son ruwansa a tamanin da wani abu ne, kaga ko a ranar da tafi kowacce zafi iskar waje rabin abin da inji ke nema ce. Balle asubar hunturu da kake tafiya a guje iska mai sanyi tana dukan lagireto.

Akwai kuma wani abu da yawancinmu bamu lura da shi ba sai da aka daɗe. Juya naka ka duba gindinsa, zaka ga wani ɗan faifai zagayayye a can ƙasa. Cikin inji akwai wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi yana zagayawa a cikin inji kawai ba tare da ya je lagireto ba, ita ake cewa baifas, amfaninta lokacin da inji ke sanyi famfo ya samu inda zai tura ruwa kuma ko'ina ya ɗumama tare. Idan tamostat ya buɗe, wannan faifan shine yake zuwa ya toshe bakin gajeriyar hanyar don dole duk ruwan ya bi ta lagireto. Da ka cire shi ka bar hanyar a buɗe har abada, ruwa kuma kamar ɗan Adam ne hanya mai sauƙi yake bi, sai wani kaso ya riƙa komawa inji da zafinsa bai ga lagireto ba. A tafiyar da ba lodi ba zaka sani ba. A hawa da buhu ashirin a baya zaka sani.

Ɗan Tasha ba ƙarya ya yi ba da yace yana maƙalewa, yana maƙalewa a rufe kuma in ya yi haka yana iya ƙona inji. Amma alamarsa daban take: cikin minti goma sha da tashi allura zata haye ja ko da lodi ko ba lodi, ko da safe ko da rana, inji kamar wuta amma ka taɓa lagireto kaji shi da sanyi. In haka ta same ka a daji ka jira ta huce ka cire shi ka ƙarasa gari, wannan daidai ne nima shi zan yi. Amma kana isa ka sayi wani ka saka. Taka ba haka ta yi ba, taka sai da rana sai da lodi, wannan yaren lagireto ne ko fanka.

Farin abin da ka gani a murfi kada ka tayar da hankalinka tukuna. Duk inji yana tara gumin ruwa a ciki, in ya yi zafi yadda ya kamata sai ruwan ya ƙone ya fita, in kuma kullum a sanyi yake sai ya cakuɗe da baƙin mai ya taru a murfi. Zaro sandar gwajin baƙin mai ka gani, in man da ke jikinta baƙi ne ko ruwan zuma to da sauƙi, in ya koma kalar shayi da madara wannan maganar gasket ce. Ka kuma lura ko ruwa yana raguwa kullum ba tare da kaga inda yake zuba ba, ko farin hayaki mai kauri da baya ɗaukewa a salansa, ko kumfa tana ta tasowa a bakin lagireto in ka tayar da ita da sanyi murfi a buɗe. Ka dubo waɗannan ka dawo ka gaya mana.

Direban Agadas:

Salamu alaikum. Baba ya gama magana, ni dai shaida zan ƙara. Mu nan da Hilux muke shiga Tenere, Agadas zuwa Dirku, tamu ta gazuwal ce wato dizal, kuma rairayi in ka shiga da giya ta biyu inji na kuka awa da awa ba iska mai shigowa ta gaba don ba gudu kake ba. In da tamostat na kashe inji da mu munka fara sani. Waɗanda sunka daɗe a hanyar ba su cire shi, sabo suke sakawa kuma su riƙe guda a akwatin kaya tare da fanbel da tiyo da murfin radiyata, wato lagireto. Sannan hamada da dare lokacin ɗari sanyi ne mai shiga ƙashi, injin gazuwal kuwa in bai ɗumama ba sai hayaƙi da ƙara da rashin ƙarfi.

Abin da ni aka koya min shine in babu shi ruwa na gudu da sauri ƙwarai har bai samun lokacin hucewa cikin radiyata. Ko haka ne ko ba haka ba ni dai na ga mota marar tamostat ta tafasa cikin rairayi, ta kusa da ita mai shi ba ta tafasa ba. Kuma ɗan'uwa ka duba kulocin fankarka, mu nan shi ne ke fara mutuwa.

Injiniya Mai Sikana:

Slm. Ni aikina wayarin da kwamfutar mota ne, bari in ƙara ta ɓangarena musamman maganar shan mai don ita ce ke cin aljihun mai tambaya kullum.

Motocin da, masu kafireto, cok ne da su, da safe ka ja cok mai ya ƙaru inji ya tashi in ya ɗumama ka mayar. Injin 2TR ba cok, biren bos wato kwamfutar motar ne ke yin wannan aikin, kuma da abin da yake gane inji ya ɗumama ko bai ɗumama ba shine wani ɗan sensa da ke nutse cikin ruwan inji. Muddin sensan nan yana gaya masa ruwa na digiri 50 ko 60, shi a wajensa har yanzu safiya ce, zai ci gaba da ƙara wa nozul mai yana riƙe silo a sama. Kenan Alhaji kamar kana tafiya Kano zuwa Jos ne da cok a jaye rabi. Kuma man da ya yi yawa ba duka yake ƙonewa ba, wani yana wanke baƙin man da ke jikin silinda ya gangara ƙasa ya tsinka wanda ke cikin sam, wato kwanon baƙin mai na ƙasan inji, ringi na gogar ƙarfe ba isasshen maiƙo, fulogi na yin baƙi, in motar na da katalis, abin nan mai tace hayaƙi, a salansa shima yana shan wahala. Ba rana ɗaya yake kashe inji ba shi yasa mutane basa danganta shi da tamostat, sai bayan shekara biyu uku a ce inji ya fara shan baƙin mai a ɗora wa mai mota laifi.

A motocin da aka yi wa kasuwar Amurka, misali Tacoma wadda ita ma akwai mai wannan injin 2TR ɗin, in ka cire tamostat wutar cek zata kama, ka saka sikana, na'urar da ke karanta kwamfutar mota, ta baka P0128, ma'anarsa ruwa bai kai zafin da ya kamata ba cikin lokacin da ya kamata. Ba kowace mota ke kawo wannan lambar ba, don haka rashin ganin wutar cek ba shaida bace cewa lafiya lau.

Shawarata kafin ka kashe ko sisi, ka samu mai sikana ya shiga motar ku yi tafiyar minti ashirin yana kallon zafin ruwa a lambobi. Allurar dashbod bata da gaskiya sosai, an yi ta ne ta zauna a tsakiya cikin faɗin zafi mai yawa don kada ta riƙa tsorata direba, in kaga ta fara wuce rabi to zafin ya riga ya yi nisa.

Direban Agadas, maganar ruwa na gudu da sauri ana yawan faɗinta amma ba ita bace asalin dalili, ruwa in ya yi sauri ai sau da yawa yake zagayowa, zafin da yake kwasowa yana zubarwa baya raguwa. Abin da ka gani da idonka gaskiya ne, sai dai dalilin shine baifas ɗin da Baba ya yi bayani.

Ɗan Tasha kuma haɗa fanka dairek da kuke yi a ƙananan motoci, shima ɓoye ciwo ne, ga wahalar da batir da altaneta, ga ɗan injin lantarkin da ke juya fankar yana mutuwa da wuri. Hilux ɗinsa ma ba ta lantarki bace, fanbel ke juya ta ta hanyar kuloci mai man silikon a ciki.

Mai Akori-kura:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya ƙara basira. Baba wallahi kamar kana cikin motar.

Na yi abin da kuka ce. Sandar baƙin mai lafiya lau, man baƙi ne ba madara, ruwa baya raguwa, na tayar da ita da safe murfi a buɗe ba kumfa. Alhamdu lillahi. Tamostat ɗin na goge naga 82 ɗin a jiki da faifan a gindi kamar yadda ka faɗa. Sai na ce bari in gwada shi, na karɓi tsohuwar tukunya wajen maiɗakina na ɗaure shi da waya na rataya cikin ruwa yadda baya taɓa gindin tukunya na ɗora a risho, ni da yarana muna tsugune muna kallo. Ruwa ya fara ƙananan ƙwayaye a gefe bai motsa ba, can kafin ya tafasa sai naga ƙofar ta fara ɗagawa a hankali, da ya tafasa sosai ta buɗe har ina iya hango ƙasan tukunya ta tsakani, kusan faɗin ɗan ƙaramin yatsana. Na ciro shi na ajiye a ƙasa ya koma ya rufe ruf. Kenan lafiyarsa ƙalau aka cire min shi wata takwas ina ƙona mai, abin ya min ciwo gaskiya.

Mai sikana ma na samu, mun yi tafiya da hantsi a titin Zariya ba lodi, lambar tana yawo tsakanin 58 da 64 taƙi wucewa.

Yanzu Baba in mayar da wannan ɗin tunda yana aiki? Kuma wani ya ce min in sayi mai ƙaramar lamba wai yafi dacewa da ƙasarmu. Sannan ruwan da nake zubawa na bohol ne, wani lokacin fiya wata in ina hanya.

Tsohon Bakanike:

Madalla ɗana, ka huta da maganar gasket. Gwajin tukunyar nan da ka yi shine wanda ya kamata a yi tun ranar farko, baya cin minti goma.

Tsohon ka ajiye shi a mota na ko ta kwana, amma ka sayi sabo tunda in na asali ne ya haura shekara goma yana aiki, kaki da sifirin suna gajiya. Ka nemi na kamfani da lambar injinka, mai faifan nan a gindi, tsayinsu ɗaya da tsohon, ka tafi da tsohon shago ka jera su ka gani. Jabu sun yi yawa a kasuwa kwalinsu har ya fi na gaske kyau, don haka sabon ma ka jefa shi tukunya kafin a ɗaura. Maganar ƙaramar lamba ka bar ta, 82 aka yi injin da shi kuma da shi biren bos yake lissafi, ƙaramar lamba zata sa ya buɗe da wuri ne kawai bata ƙara wa lagireto ƙarfi ko kaɗan.

Wajen ɗaurawa ka tsaya a kansu. Akwai wata 'yar ƙaramar huda a gefen faifan sama da ɗan ƙarfe yana lilo a ciki, in ka girgiza zaka ji yana ƙara, wannan dole ta kalli sama daidai ƙarfe goma sha biyu, ta nan iska ke fita lokacin da ake cika ruwa. In aka juya ta ƙasa iska ta maƙale a bayansa sai kaga sabon tamostat mota na zafi a ce maka ai dama mun gaya maka. A saka sabuwar robar da ke zagaye bakinsa, a kankare gam ɗin nan da aka shafa tas kada ɓarɓashinsa ya shiga ciki, kuma kada a ɗaure notin da ƙarfin tsiya. In an cika ruwa a kunna hita zuwa ƙarshen zafi, a bar ta tana silo murfi a buɗe ana matsa tiyo da hannu har tamostat ya buɗe ruwa ya faɗa, a ƙara, sannan a rufe. Washegari da safe kafin ka tayar ka sake dubawa.

Yanzu ga asalin ciwon. Abu uku zaka duba. Kulocin fanka kamar yadda ɗan'uwanmu na Agadas ya ce: in mota ta yi zafi sosai ka kashe ta, ka zare makulli, ka tura fankar da hannu, in ta yi ta juyawa sakaka kamar ta silin to ya mutu, mai lafiya zaka ji yana riƙewa, kuma ka duba ko akwai maiƙo da ƙura sun manne a gabansa alamar man ya tsiyaye. Na biyu tunda kasuwannin hatsi kake shiga, leƙa tsakanin kwandensan AC da lagireto da tocila, wajen nan yana cika da ƙaiƙayi da ƙura da gashin kaji har ya zama kamar bargo, daga waje ba zaka gani ba. A wanke daga baya zuwa gaba kuma ba da ruwa mai ƙarfin da zai lanƙwasa haƙoran ba. Na uku cikin lagireton kansa, ruwan bohol yana barin farin dutse kamar wanda kake gani a gindin butar shayi, ga tsatsa, su ne ke toshe ƙananan hanyoyin ɗaya bayan ɗaya.

Murfin lagireto ma kada ka raina shi, akwai lamba a kansa 0.9 ko 1.1, ka sayi daidai wanda ka tarar. Shi ke riƙe matsi, da matsin ne ruwa baya tafasa sai ya kai wajen digiri 120. In robarsa ta mutu ruwa zai tafasa a 100, a Jos ma da take kan tudu kusan mita 1,200 tun a wajen 96 zai tafasa.

Ruwan bohol ka daina. Ka sa kulan na gaske, wato ruwan lagireto na kamfani, mai ruwan hoda na Toyota a haɗe yake zuwa ba'a ƙara masa ruwa, ja kuma wanda ba'a haɗa ba ana cakuɗa shi da ruwan batir wanda ba asid. Mutane na cewa kulan ma na ƙasar ƙanƙara ne, alhali maganin tsatsa ne a ciki kuma kan injinka alminiyon ne. Wanda aka zubar kada a bar shi a ƙasa ko a kwano inda awaki ko yara za su kai, yana da zaƙi kuma guba ne. Don girman Allah kuma kada ka buɗe murfi mota na da zafi, akwai yaron da ya yi aiki a wajena har yau tabon yana hannunsa da wuyansa.

Ɗan Tasha:

Toh Baba naji bayani kuma ban musa ba, maganar baifas ɗin nan ban taɓa sani ba gaskiya. Ni tsorona ɗaya ne jabun kaya, ka saka sabo ya maƙale maka a dajin Falgore da dare. Amma zan gwada a tawa in jefa shi tukunyar tukuna in gani.

Mai Akori-kura:

Salam jama'a, na dawo da rahoto kamar yadda ya kamata.

Ranar Asabar muka yi aikin a wani garejin daban, na tsaya a kai tun safe har la'asar. Da aka zaro lagireto wallahi abin da ke tsakaninsa da kwandensa ya ba ni tsoro, ƙaiƙayin masara da ƙura sun yi kauri sun rufe kusan rabin ƙasa, da hannu yaron ya riƙa ɓamɓarowa kamar tabarma. Kulocin fanka kuma ya mutu murus, da yatsa ɗaya na tura ta tana ta juyawa, gabansa duk maiƙo. Mun canza shi, an wanke lagireto ciki da waje ruwan da ya fito ja ne kamar kunun kanwa, na sa sabon murfi da sabon tamostat 82 bayan na dafa shi a gida, hudar tana sama na gani da idona, aka zuba kulan mai ruwan hoda, na kuma juye baƙin mai da filta saboda farin abin nan.

Jiya na je Jos da lodi. Tun kafin in fita daga cikin Kano allura ta hau ta zauna ƙasa da rabi kaɗan, silo ya sauka, hita har sai da na rage. A hawan bayan Jengre da misalin ƙarfe ɗaya na rana naji fanka ta kama tana gurnani kamar yadda take yi shekarun baya, na ma manta da wannan ƙarar, allura kuwa ko gezau. Mai ban gama lissafi ba sai na yi sawu biyu uku amma dai ban tsaya ƙari a Saminaka ba wannan karon.

Baba saura abu ɗaya, da safen nan naga ruwan da ke cikin 'yar jarkar gefe ya sauka kaɗan ƙasa da layin sama, ƙasan mota kuma a bushe ba ɗigo.

Tsohon Bakanike:

Ragowar iska ce ta fita ruwa ya maye gurbinta. Cika shi zuwa layin da irin kulan ɗin da aka zuba, da safe kafin ka tayar, ka sa ido kwana uku. In ya tsaya shikenan, in ya ci gaba da sauka ka duba kilif na tiyon ƙasa da bakin murfin tamostat ɗin ko robar bata zauna daidai ba.